Curarren Abincin Kaji: Yadda Hatsi da Ma'adinai Ke Hukunta Ingancinsa

Duk wanda ya zaga gidajen kiwon kaji da suka yawaita a kewayen Kano da Kaduna da Zariya da Jos, ya kuma saurari hirar masu kiwon sa'ad da suka haɗu a shagon mai sayar da abinci, zai tarar cewa bayan kukan tsada, wanda ba ya ƙarewa tun da yake abinci ne ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a wannan sana'a, babu ƙorafin da ya kai na garin da ake iskewa a gindin buhu. Mutum ya sayi curarren abinci, wanda masu kiwo ke kira felet, ya biya kuɗin da ya ɗara na gari domin ya san fa'idarsa, amma da ya kwance bakin buhun sai ya ga sashe mai yawa ya murmushe ya koma asalinsa. A nan sai a ɗora laifin a kan inji, ko a kan direban da ya bi hanya mai gargada, ko a kan 'yan dako masu jifa da buhu. Kuma ko da yake kowane ɗayansu yana da nasa kaso, haƙiƙanin al'amari shi ne an riga an yanke wa ƙwayar hukuncinta tun a bisa mizani, lokacin da mai haɗa abincin ya ƙaddara yawan masara da waken soya da mai da dusa da ma'adinan da za su shiga cikinta. Wannan mas'ala ta cancanci mai kiwo ya fahimce ta, ko da ba zai taɓa mallakar inji ba, gama wanda ya san yadda aka yi abu shi ne ya san abin da zai tambaya kafin ya miƙa kuɗinsa.

Yadda ake cura shi

Sana'ar ta bunƙasa a Amurka da Turai tun wajajen 1930, kuma har yau ginshiƙanta ba su sauya ba, sai dai injuna sun ƙara girma da sauri. Da farko ana ɓarza hatsi a injin niƙa har ƙwayarsa ta kasa milimita ɗaya, sa'an nan a auna kowane sashe gwargwadon lissafin da masanin abinci ya tsara, a zuba su cikin injin gauraya. Daga nan garin ya wuce cikin wata doguwar ganga inda ake busa masa tururi daga tukunyar ruwan zafi, har zafinsa ya kai digiri 75 zuwa 85, laimarsa kuma ta tashi daga kashi 11 ko 12 cikin 100 zuwa kashi 16 ko 17. Bayan ya turaru haka sai ya faɗa cikin wani zoben ƙarfe mai kauri wanda aka huda masa dubban ramuka, wasu gangunan ƙarfe biyu ko uku suna juyawa a cikinsa suna danna garin da ƙarfi, shi kuwa yana fita ta ramukan tamkar yadda kwaɓin fulawa ke fita daga injin taliya, wuƙa na yanke shi guntu-guntu. Ƙwayar tana fitowa da zafi da taushi, kaurinta bai wuce milimita 3 ko 4 ba, saboda haka dole a sanyaya ta da iska har ta bushe ta yi tauri, a tankaɗe garin da ya fita a mayar da shi baya. Idan kuwa na 'yan tsaki ne, sai a sake ɓarza ta kaɗan domin ta dace da ƙaramin baki.

Dalilin ɗaukar duk wannan wahala a bayyane yake ga wanda ya lura da ɗabi'ar kaza. Kaza mai tsince ce, idan aka ba ta gari sai ta zaɓe manyan ɓarzajjen masara ta bar lallausan, alhali a cikin lallausan nan ne bitamin da ma'adinai suke. Amma idan an cure su wuri guda, kowace ƙwaya da ta haɗiya tana ɗauke da rabonta na kome. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1962 ya nuna cewa 'yan tsakin da aka ba curarren abinci suna ƙoshi cikin kimanin sulusin lokacin da takwarorinsu masu cin gari suke ɓatawa a bakin kwano, kuma ƙarfin da ba su kashe wajen tsince-tsince ba shi ne ke komawa nama. Ban da haka ɓarna tana raguwa, ƙura tana raguwa, zafin tururi kuma yana kashe da yawa daga ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Sai dai duk waɗannan fa'idodi, in ka ɗebe na ƙarshe, sun rataya ne a kan sharaɗi guda, watau ƙwayar ta isa gaban kaza tana cure. In ta murmushe a hanya, mai kiwo ya biya kuɗin tururi da lantarki a banza.

Masana wannan fanni, musamman na Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka wadda ta shahara da koyar da niƙa da haɗa abincin dabbobi, sun daɗe suna ambaton wani ƙiyasi game da abubuwan da ke sa ƙwaya ta yi ƙarko: kashi 40 cikin 100 daga irin kayan da aka haɗa ne, kashi 20 daga laushin niƙa, kashi 20 daga turarawa, kashi 15 daga zoben ƙarfe, kashi 5 kuma daga sanyayawa. Ƙiyasi ne, ba nassi ba, kuma yana iya karkata daga wannan masana'anta zuwa waccan. Amma abin da yake nunawa a fili shi ne fiye da rabin al'amarin ya ƙare kafin garin ya ga tururi.

Kowane hatsi da halinsa

Abubuwa biyu ne a cikin hatsi suke ɗaure ƙwaya, watau sitaci da furotin. Idan sitaci ya gamu da zafi da laima sai ya kumbura ya yi danƙo, idan ya huce kuma ya ƙame ya riƙe abin da ke maƙwabtaka da shi; sai dai a ɗan lokacin da gari ke yi a cikin gangar tururi, wanda sau da yawa bai kai minti ɗaya ba, kaɗan ne daga sitacin yake nuna, galibi wanda ke bayan ƙwayar inda ta gogi ƙarfe. Saboda haka irin furotin ɗin da ke cikin haɗin yana da tasiri ƙwarai, kuma a nan ne alkama ta fi sauran hatsi, domin tana da wani furotin mai danƙo wanda babu shi a masara ko dawa, har ya zamana masana'antun ƙasashen da ke ciyar da kaji da alkama, irin su Ingila da Ostareliya, suna samun ƙwaya mai tauri ba tare da wani ijtihadi mai yawa ba. Mu kuwa a Nijeriya abincin kajinmu na nama rabinsa ko fiye masara ce, wadda ake kwasowa daga kasuwanni irin su Saminaka da Giwa da Dawanau, ita kuwa masara, duk da ta fi alkama ba kaza ƙarfi, ba ta son haɗuwa da 'yar'uwarta. Dalili ke nan da ya sa masu haɗawa suke neman dusar alkama daga kamfanonin fulawa, gama ragowar garin da ke manne da ita yana taimakawa wajen ɗauri.

Dawa, wadda akan koma gare ta idan masara ta yi tsada, ba ta fi masara ɗauruwa ba, kuma tana da nata sharuɗɗan: wasu ire-irenta masu duhun ɓawo suna ɗauke da sinadari mai bauri da ke rage narkewar abinci, furotin ɗinta kuma yakan ƙulle ya ƙi narkewa idan zafin ya wuce kima, don haka mai turara dawa sai ya bi tsaka-tsaki. Rogo kuwa sitacinsa yana nuna da wuri, yana ɗaure ƙwaya sosai, kuma curawa tana maganin ƙurarsa wadda kaji ba sa so; amma furotin ɗinsa bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba, kuma wajibi ne a sarrafa shi a busar da shi da kyau domin dafin da ke cikin ɗanyensa ya fita. Waken soya da aka tatse mansa a masana'anta yana cikin abubuwan da ke ƙara wa ƙwaya ƙarfi, alhali wanda aka gasa aka niƙa da mansa, mai ɗauke da mai kusan kashi 18 zuwa 20 cikin 100, sassauta ta yake yi. Haka nan tunkuzar gyaɗa da aka matse da hannu ko da ƙaramin inji, wadda ba a raba ta da ragowar mai. Ya kamata kuma a sani cewa zafin injin curawa bai isa ya kashe sinadarin da ke cikin ɗanyen waken soya mai hana narkewar furotin ba, sai an gasa shi tukuna.

Shi mai, al'amarinsa fuska biyu ne. Kazar nama tana bukatarsa domin ta yi ƙiba da wuri, injin ma yana maraba da shi domin yana sa gari ya sulale ta ramuka cikin sauƙi, aiki ya yi sauri, lantarki ya ragu; amma wannan sulɓin shi ne ke hana garin dannuwa, kuma man yana lulluɓe ƙwayoyin gari ya hana tururi ratsa su. Don haka ƙwararru ba su cika zuba fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 a injin gauraya ba, sauran sai su fesa shi a kan ƙwayar bayan ta fito. Dusa kuma iri-iri ce, mafi sharri a cikinsu ita ce dusar shinkafa da aka yi wa algus da niƙaƙƙen ɓuntu, domin ɓuntu cike yake da sinadarin yashi, ba ya ciyar da kaza, ba ya ɗauruwa, yana kuma cinye zoben ƙarfen da aka sayo da kuɗin waje masu yawa. Haka yashi da tsakuwa da guntayen ƙarfe da ke biyo hatsin da aka shanya a bakin titi suke yi, shi ya sa masana'anta ta gari ba ta rasa rariya da maganaɗisu a mashigarta.

Hatta yanayi yana da hannu a ciki. Tururi yana ƙara zafi da laima ne tare, kimanin kashi 1 cikin 100 na laima ga kowane digiri 14 zuwa 16 na zafi, kuma idan laimar ta haura kashi 17 ko 18 sai gangunan su riƙa zamewa, injin ya shaƙe. A lokacin hunturu, da hatsi ya bushe ƙayau gari kuma ya yi sanyi, ana samun sararin busa tururi mai yawa, ƙwaya ta fito da kyau. Da bazara kuwa gari yana shiga da zafinsa, sai ya kai iyakar zafi bai sha laimar da ta ishe shi ba. Da kaka kuma sabuwar masara tana zuwa da ruwanta, sai ta kai iyakar laima tun zafin bai kai ba. Mai inji da bai san wannan ba zai yi ta zargin na'urarsa a kan abin da yake hukuncin lokaci ne.

Ma'adinai: kaɗan a mudu, babba a aiki

A abincin kajin nama dukan ma'adinai ba su wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 ba, amma duk da ƙarancinsu su ne ke gina ƙashin kaza, su ne kuma, bisa ga abin da bincike ya tabbatar, suke iya gaggauta injin ko su jinkirta shi. Manyan cikinsu su ne kalsiyam da fosfaras. Kalsiyam ana samo shi ne daga niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, irin wanda Allah Ya hore wa ƙasashenmu a wurare kamar Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Malbaza ta Nijar, ko kuwa daga ɓawon wasu halittun ruwa masu kama da katantanwa da ake kawowa daga bakin teku. Sai dai ba kowane farin dutse ne ya dace ba, gama wanda magnisiyam ya yi wa yawa yana sa kaji zawo yana kuma raunana ɓawon ƙwai. Dutse ba shi da sitaci, ba shi da danƙo, ba ya shan tururi. Saboda haka kowane gutsure nasa da ke cikin ƙwaya wuri ne da ƙwayar za ta iya karyewa, kuma gwargwadon girman gutsuren gwargwadon raunin.

A nan ne ake ganin bambancin kazar nama da kazar ƙwai. Kazar nama kalsiyam ɗin da take bukata bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma lallausan dutse ya wadatar da ita, don haka ƙwayarta ba ta cutuwa. Amma kazar ƙwai tana zuba kimanin giram 2 na kalsiyam a ɓawon kowane ƙwai, abincinta na bukatar kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, watau dutse kusan kashi 8 zuwa 10. Kuma tun da yake mafi yawan ginin ɓawo da dare ake yinsa, lokacin da ba ta cin kome, maslaharta ita ce sashe mai yawa na dutsen ya zama ɓarzajje mai girman milimita 2 zuwa 4, wanda zai zauna a ƙundunta yana narkewa sannu a hankali har wayewar gari. Abin da kaza ke so a nan shi ne ainihin abin da inji ke ƙi, domin irin wannan dutse yana farfasa ƙwaya yana kuma goge ƙarfe. Wannan na cikin hujjojin da suka sa a ƙasashe da yawa aka fi ciyar da kajin ƙwai da gari, ko kuwa a cure sauran kayan a zuba ɓarzajjen dutsen daga baya.

Fosfaras kuwa labarinsa ya fi ban sha'awa. Asalinsa dutse ne da ake haƙowa a ƙasashe irin su Maroko da Togo, akwai shi kuma a yankin Sakkwato da Tawa. Amma ɗanyen dutsen yana ɗauke da sinadarin fulorin kashi 3 zuwa 4 cikin 100, wanda guba ne ga ƙashi, don haka ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce kada fulorin ya wuce ɗaya bisa ɗari na fosfaras ɗin da ke cikin abin da za a ba dabba. Hanya biyu ake bi a tsarkake shi: ko a narkar da dutsen da ruwan asid a fitar da garin da 'yan kasuwa ke kira DCP da MCP, ko kuwa a gasa shi a wuta mai tsananin zafi har fulorin ya fice. Ga kaza dukansu suna biyan bukata, bambancinsu kaɗan ne. Ga inji kuwa bambancin babba ne, domin gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Jihar Kansas, daga baya kuma a Jami'ar West Virginia, sun nuna cewa gasasshen, saboda taurinsa da kaushinsa, yana kankare sitaci da furotin da suka ƙone suka manne a cikin ramukan zobe, sai hanya ta buɗe, abinci ya riƙa fita da sauri da ƙarancin lantarki, alhali sauran biyun ba su kai shi yin haka ba. Sai dai abin da ya wuce da sauri bai cika dannuwa sosai ba, don haka wani lokaci ribar sauri takan zo da ɗan ragi a taurin ƙwaya, mai masana'anta kuma sai ya auna wanne ya fi masa.

Daga nan wata mas'ala ta taso wadda ba a yi tsammaninta ba. Kimanin kashi biyu bisa uku na fosfaras ɗin da ke cikin hatsi da waken soya a ɗaure yake cikin wani sinadari da cikin kaza ba ya iya kwancewa. A 1991 sai aka fara sayar da wani sinadarin narkar da abinci a ƙasar Holan, mai suna fitas, wanda ke kwance wannan ɗauri, ta haka aka rage yawan fosfaras na dutse da ake sayowa, aka kuma rage wanda ke fita a kashin kaji yana gurɓata ruwa. Alheri ne babba, amma da dutsen ya ragu a cikin haɗi sai mai kankare ramuka ya ragu, wasu masana'antu suka ga injunansu sun yi nauyi. Har ta kai a Amurka ana sayar da garin wani dutsen tokar aman wuta da ake haƙowa a jihar Utah, ana zuba ɗan kaɗan domin ya maye gurbin wancan aiki. Darasin da ke ciki shi ne babu abin da za a cire ko a ƙara a cikin haɗi, kome ƙanƙantarsa, da inji ba zai ji a jikinsa ba. A wurinmu ƙananan masu haɗawa sun fi dogara ga ƙashin da ake tarawa a mayanka a ƙona a niƙa, wanda ke ba da kalsiyam da fosfaras tare. Yana da kyau idan ya ƙonu sarai kuma ba a cuɗa shi da yashi da toka ba, in kuwa bai ƙonu ba to hanya ce ta shigo da cuta.

Gishiri ba ya wuce kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100, domin in ya yi yawa kaji su yi ta shan ruwa suna jiƙa shimfiɗarsu, ga shi kuma yana jawo laima yana sa ƙarfe tsatsa. Kanwa, wadda kakanninmu suka daɗe suna ba dawaki da shanu, tana da dangantaka da sinadarin da ake ƙara wa kaji a lokacin tsananin zafi, amma tun da ƙarfinta yana bambanta daga wannan curi zuwa wancan, ba daidai ba ne a zuba ta da ka ba tare da awo ba. Sauran ƙananan ma'adinai, watau ƙarfe da zinki da jan ƙarfe da manganis da aidin da seleniyam, suna zuwa ne tare da bitamin a cikin garin da ake kira firimis, wanda galibi kilo 2.5 kacal ake zubawa a tan guda. Wannan ba ya taɓa taurin ƙwaya, amma yana bukatar a fara cuɗa shi da ɗan gari kafin a juye cikin babban haɗi, in ba haka ba wata ƙwayar ta samu fiye da kima wata ta rasa, kuma abin da aka cure a karkace ba ya sake daidaituwa.

Akwai kuma ma'adinan da ba don ciyarwa ake zuba su ba sai don ɗauri, mafi shahara a cikinsu wani yumɓu ne mai suna bentonait, wanda akwai shi a Borno da Gombe, ana zuba kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Akwai kuma wani danƙo da ake samu daga itace a masana'antun takarda, da baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an cire sukari. Yumɓun yana da wata fa'ida ta biyu, gama yana kama sashe na dafin fumfuna a cikin hanjin kaza. Amma lalle a tuna cewa yumɓu ƙasa ne, duk kilon da ya shiga ya ture kilo guda na abinci, kuma in ya yi yawa yana iya riƙe wasu magunguna da sinadarai masu amfani. Magani ne na lalura, ana komawa gare shi bayan an gyara niƙa da turarawa, ba kafin haka ba.

Abin da zafi ke ɓatawa, da abin da ba ya gyarawa

Mai yiwuwa wani ya ce, tun da zafi ne ke ɗaure ƙwaya, me zai hana a ƙara shi, a kuma sa zobe mai kauri wanda garin zai daɗe a cikinsa? Amsa ita ce ƙwayar za ta yi tauri, amma da farashi. Bitamin A da K da B1 suna raguwa da zafi da laima, gishirin ƙarfe da na jan ƙarfe da ke tare da su kuma suna gaggauta lalacewarsu. Fitas, in ba wanda aka yi wa rigar kariya ko aka fesa bayan curawa ba, yana mutuwa idan zafi ya haura digiri 80 zuwa 85, kuma idan ya mutu a haɗin da aka riga aka rage wa fosfaras saboda dogaro da shi, sakamakon sai ya bayyana a ƙafafun kaji, su kasa ɗaukar nauyin jikinsu. Haka nan niƙa mai laushi ƙwarai yana ƙara ɗauri, amma ƙundun kaza yana son abin da zai niƙa, in bai samu ba ya yi rauni, narkewar abinci ta ragu.

Akwai kuma abin da zafin injin ba ya iyawa ko kaɗan, shi ne kashe dafin fumfuna da ake kira afalatoksin. An gano wannan dafi ne bayan da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Burazil, kuma masara da gyaɗa, waɗanda su ne jigon abincin kajinmu, su ne ya fi kamawa idan an adana su da danshi. Ruɓaɓɓiyar masara idan aka cure ta tana nan da dafinta, sai dai an ɓoye ta ga ido. Masu ƙananan injuna marasa tururi, waɗanda ke yayyafa wa gari ruwa kafin su cura, su ma su kiyaye, domin ƙwayar da ba ta bushe ta koma laima kashi 12 cikin 100 ko ƙasa ba, in aka ɗinke ta a buhu da damina, fumfuna za ta kama ta cikin 'yan kwanaki.

Awo da amana

Masana'antu suna da hanyar gwada ƙarkon ƙwaya, wadda Farfesa Harry Pfost da abokan aikinsa suka tsara a Kansas a farkon shekarun 1960: a zuba giram 500 na tankaɗaɗɗiyar ƙwaya cikin wani akwati, a juya shi sau 50 a minti har minti 10, a sake tankaɗewa a auna abin da ya tsira. Mai kiwo ma yana iya nasa gwargwadon hali: ya ɗebo daga sama da tsakiya da gindin buhu ya tankaɗe ya ga yawan garin, ya sansana ko akwai warin fumfuna ko na man da ya lalace, ya jiƙa ɗan kaɗan a kofin gilashi ya dama ya duba abin da ya kwanta, yana sane da cewa ɗan farin dutse dole ne a gani amma tulin yashi ba dole ba ne, ya duba ranar da aka yi abincin, ya ajiye buhunan a kan katako nesa da bango, kada kuma ya tara abin da zai daɗe bai ƙare ba.

Amma duk waɗannan ba su kai ga zuciyar al'amarin ba, domin tauri ba hujja ba ce ta inganci. Ana iya cika haɗi da yumɓu a rage mai, ƙwaya ta fito da ƙyalli da tauri alhali kaza na ramewa a kanta. Ana kuma iya samun mai ɗan taushi saboda wadatar mai, kaji su yi ƙiba a kanta. Curarren abinci ya bambanta da gari ta wannan fuska, cewa mai saye ba ya iya ganin abin da ke ciki, ya sallama idonsa ke nan ga mai haɗawa. Saboda haka sana'a ce ta amana tsantsa, kuma wanda ya rage firimis ko ya ƙara ɓuntu ya ɓoye a cikin ƙwaya, hukuncinsa ɗaya da mai tauye mudu a kasuwa, bal ma nasa ya fi muni, gama ɓarnarsa ba ta bayyana sai bayan makonni, lokacin da jarin talaka ya riga ya salwanta. Haƙƙi ne a kan hukumomin da ke sa ido kan abincin dabbobi, irin su NAFDAC da Cibiyar Kimiyyar Dabbobi ta Nijeriya, su riƙa ɗaukar samfur daga shaguna suna gwada abin da aka rubuta a jikin buhu. Haƙƙi ne a kan cibiyoyin binciken kiwo irin ta Shika su gwada dutsenmu da yumɓunmu da dawarmu a cikin inji, su wallafa sakamakon da harshen da masu ƙananan masana'antu ke karantawa. Masu kiwo kuma su haɗa kai cikin ƙungiyoyinsu su riƙa kai abincin da suke saye ɗakin gwaji, domin kuɗin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ba ya fin ƙarfin jama'a. Allah Ya sa albarka a cikin kiwonmu, Ya kuma ba masu mizani ikon tsayar da shi da adalci.